Akuyar da Ma'u ta sayar

A wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama aka haifi Ma'u, a nan kuma aka aurar da ita ga Hashim, ɗan ƙwadagon gona. Ta tashi da son zance, har aka san gidanta da taron mata a kan jabana, kofin da ake sha da hantsi. Tana da shekara talatin da biyar sanƙarau ya kama ta. Ta tashi daga ciwon, amma kunnuwanta ba su ƙara jin komai ba. Magana tana yi, sai dai amsa sai ta dubi bakin mutum. A hankali matan suka rage zuwa, don hira da ita ta koma aiki.

Kowace kaka Hashim yakan tafi yankan riɗi can wajen Damazin, ya yi wata biyu. Bai iya rubutu ba, ita ma karatunta bai wuce haɗa baƙi ba, don haka saƙon murya yake aikowa. Ma'u takan ɗauki wayar ta kai wa maƙwabciyarta Hindu, ta saurara, sannan ta maimaita mata a hankali tana nuna bakinta. Hindu ba ta da tsegumi, amma abin yana ci wa Ma'u rai. Duk maganar da ke tsakanin miji da mata sai ta bi ta kunnen wata.

Da 'yarta Ilham, wadda ke aure a Sinja, ta zo ganin gida, sai ta zaunar da iyayen biyu ta koya musu wata hanya. In da tambaya, a ɗauki hoton abin a aika. In an yarda, a mayar da alamar nan ✓ da mutanen wajen ke kira “sah”, irin wadda malami ke yi wa ɗalibi in ya amsa daidai. In ba a yarda ba, a aika ✗.

Kakar da ta biyo baya, Hashim na wajen yankan riɗi, Ma'u ta ga wani tsohon keken ɗinki da wani tela zai sayar. Tun tana budurwa ta iya ɗinkin hannu, ɗinki kuwa ba ya bukatar kunne. Ta ɗauki hoton keken, ta ɗauki na jar akuyarsu, ta aika wa Hashim. Jim kaɗan sai ga 'yan ƙananan alamun “sah” biyu a gindin hoton, suka koma shuɗaye. Ta ce a ranta, ba ma ɗaya ba, har biyu ya ba ta. Ranar kasuwa ta sa aka kai akuyar, kafin la'asar keke ya shigo gida.

Sai bayan kwana biyu amsar Hashim ta iso, don ya buɗe hoton ne a bakin gona, cajin wayar ya ƙare. Jar ✗ ce babba. Akuyar tana da ciki, ya so a jira ta haihu.

Ma'u ta kai wa Hindu wayar. Hindu ta duba, ta bayyana mata cewa ƙananan nan wayar ce ke sa su da kanta, ma'anarsu saƙo ya isa, an kuma gani. Ba bakin Hashim ba ne. Ma'u ta koma gida ta rufe keken da zani, ba ta ko taɓa shi ba har kwana ashirin.

Ranar da Hashim ya dawo, ta tare shi tun bai ajiye buhunsa ba, ta gaya masa yadda aka yi. Ya yi tsaye yana kallon turken akuyar. Sannan ya yaye zanin, ya taka ƙafar keken, ya ga allura na hawa da sauka. Ya juyo da fuskarsa sosai yadda za ta ga bakinsa.

“Akuya dai ta tahi,” in ji shi. “To mi za ki fara ɗinka min?”

Ta ce jallabiyarsa duk ta mutu a kafaɗa, da ita za ta fara.

Yau shekara huɗu ke nan Ma'u na ɗinki. Mata kan aiko hoton yadi da na samfurin da suke so, ita kuma ta amsa da ✓ in za ta iya, in kuma ɗinki ya kammala ta aika hotonsa. Masu zuwa karɓa ba sa tafiya da wuri, sai su zauna a tabarma, a ɗora jabana, suna jujjuya kayan juna. Sun koyi juyo mata fuska in za su yi magana. Hindu kuwa har yanzu tana zolayarta, in ta ga akuya ta wuce sai ta nuna mata waya. A bana Ma'u ta karɓi ɗinkin kayan amare biyu daga Rusairis, mutanen da ba ta taɓa gani ba, direban ƙaramar bas ne ke kawo yadin ya mayar da ɗinkakku.