Baba Lurwanu, Mai Dubawa Kafin Wuta

Kullum da hantsi Baba Lurwanu yakan buɗe shagon azurfar kafilinsa, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, a unguwar Ƙurban can ƙasa mai tsarki, ya zazzage tarkacen da aka kawo narkarwa a kan faranti. An ɗauke shi ne don ya narka ya ƙera zobba. Shi kuwa ba ya kunna wuta sai ya juya kowane gutsure da yatsa. Shekara talatin ke nan, kafili ya yi mita har ya gaji.

A cikin tarkacen nan ya fara tsintar kuɗin azurfa na sarakunan Rum. Mutumin da bai taka ajin boko ba, ya zauna ya koyi haruffan da suka kewaye su ɗaya bayan ɗaya. Jabu ba ya wuce shi: na zubi yana da layin haɗi a baki, na asali bugun guduma ne. Ni da na goge wani tsohon kuɗi nawa da man goge baki, kwana uku bai sakar min fuska ba.

A gabana Hajiya Raliya ta unguwar Al-Sih ta kawo wani ɗan kuɗi baƙi mai huji, abin wuyan kakarta.

"Ya ammi, narka min shi, khalas, shi ke nan. Zobe nake so wa ɗiyata Suhaila."

Ya daɗe yana dubawa. "Hajiya, kin ga gemun nan? Hadiriyan ne, sarkin Rum. An buga shi kusan shekara ɗari biyar kafin Hijira. In kin ce narka, zan narka, amma ba zan iya mayar miki da shi ba."

Hajiya ta karɓi abinta, ta ƙulle shi a bakin mayafi.

Baba, kai ne maƙerin da ya san inda wuta ba ta da hurumi. Ba ka taɓa riƙe na wani ba, ka dai faɗa masa abin da ke hannunsa.

Bana ido ya yi rauni, ya ajiye aiki zai koma Damagaram. Ranar sallama Suhaila ta ciro abin wuyanta ta sa masa a tafin hannu. Bai ko kai shi ido ba, ya shafa da babban yatsa.

"Mai gemu," ya ce. "Ashe yana nan."

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaji teburinsa, ku duba kafin ku kunna wuta.