Goron Neman Aurena da Benayen Amurka

Labarin benayen nan biyu na Amurka da aka daka da jirage, ni a bakin shagon wani tela na ji shi, da aron hula a kaina, ina jiran a fito a gaya mini ko an ba ni mata ko an hana ni.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can wajen Randagi. Yarinyar da nake so kuwa a cikin garin Birnin Gwari take, 'yar wani Alhaji mai sayar da katako. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, don haka maganar neman auren ta faɗa hannun ƙaninsa, wanda muke kira Baffa.

Baffa ya taɓa yin yaron mota na rani ɗaya, ya je Ikko ya dawo, kuma tun daga nan bai sake yarda wani ya fi shi sanin duniya ba. Yana da wata rediyo da aka ɗinka wa riga ta fata. Batiranta yakan shanya su a rana a kan rufin rumbu kamar barkono, wai su sha ƙarfi. Ya san sunayen shugabannin ƙasashen da ko a taswirar ajinmu sai na lalubo su, amma a tambaye shi awakinsa nawa, sai ya ce a tambayi mata.

Da safen da za mu tafi, yayarsu Goggo ta tare shi a bakin zaure.

"Ka ajiye akwatin nan a gida. Aure za ka nema wa yaro, ba labarin duniya za ka kai musu ba."

"To, Yaya," in ji Baffa. Ya koma ɗaki ya fito hannu wayam. Sai da muka yi nisa a daji, ina tuƙa mashin yana bayana, na ji wani abu mai kusurwa yana tokarina a haƙarƙari ta cikin babbar rigarsa.

Ƙarshen damina ne, hanya duk taɓo. Mai unguwarmu yana bin mu a wani mashin, ya rungume kwandon goro kamar jariri. A wancan zamanin abin tsoro a dajin nan bai wuce santsi da rafin da ya kawo ba, sai ko birai da kan zauna a tsakiyar hanya su kalle ka kamar kai ne baƙo. Mun isa gari da azahar, wandunanmu sun koma jar ƙasa har gwiwa.

Mai neman aure ba ya shiga wurin da ake maganarsa. Na raka su ƙofar gidan Alhaji, na ga sun cire takalma sun shiga zaure, ni kuma na koma shagon abokina tela a ƙarshen layin, inda nake hango ƙofar. Shi ya ara mini hular, ya ce tawa ta yi kama da matacin koko.

Na zauna. Aka daɗe. Tela yana taka keke yana ba ni haƙuri. "In ka ga an daɗe, alheri ne. Hanawa ba ta ɗaukar lokaci." Aka kira la'asar, ba wanda ya fito. Na fara lissafa laifuffukan danginmu da wataƙila suka iso kunnen Alhaji, na ga ba kaɗan ba ne.

Can sai ga Baffa ya fito shi kaɗai, takalmi ɗaya a ƙafa, fuskarsa irin wadda ake zuwa gaisuwar mutuwa da ita. Na miƙe na tare shi.

"Baffa, yaya aka yi?"

Ya dafa kafaɗata. "Sai haƙuri, ɗana. Komai ya rushe. Har ƙasa."

 Na ce, "Wa ya jawo?"

"Ba a sani ba tukuna. Amma ni na gaya musu, wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. An daɗe ana ƙulla shi."

Akwai wani ɗan mai gidan mai da ya daɗe yana zagaya layin nan da sabon mashin, yana ƙamshin turare kamar gawa. Nan take na san shi ne.

"Na gane shi, Baffa. Mai jan mashin ɗin nan ne."

Baffa ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Wane mashin? Da jirgi aka yi. Jirgin sama, har biyu."

Tela ne ya fara gane cewa ba magana ɗaya muke yi ba. Ya tsayar da kekensa ya tambayi Baffa a hankali, shi kuma ya zaro rediyon daga riga ya yi bayani. Ashe sun gama gaisawa ke nan, mai unguwa ya gyara murya zai fara, sai Alhaji ya ce a yi masa haƙuri ya ji kanun labarai, don shi ma ashe ɗan hannu ne. Ya kunna tasa. Baffa da ya ga haka ya fito da tasa, wai ta fi kama tasha. Daga nan ba wanda ya sake tuna abin da ya kawo wani.

A raina na yi hamdala. Aurena yana nan, benaye ne suka faɗi.

Duk garin a lokacin mutum ɗaya na sani mai faifan tauraron ɗan Adam a kan rufinsa, wani mai kemis, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya fito da talabijin ɗinsa barandar shago, ya ta da janareta. Kafin mu isa wurin ya cika. An ba Alhaji da Baffa benci a gaba. Mai unguwa, da ya rasa inda zai bar kwandon goro, ya zo da shi ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Ni na maƙale a baya, bayan wani dogon mahauci, don kada mu haɗa ido da wanda nake fatan ya zama surukina.

Ana ta nuna abu ɗaya: jirgi ya taho, ya shige cikin gini kamar an soka wuƙa a kabewa, wuta ta fito ta ɗaya gefen. Da farko gardamar tsawo aka yi. Mai kemis ya ce benen ya haura hawa ɗari. Mutane suka yi dariya, don a garinmu wanda ya ɗora ɗaki ɗaya a kan ɗaya ma sai an yi shekara ana zancensa. Wani tsoho ya tambaya, in fitsari ya kama na can ƙoli, yaya yake yi. Alhaji kuwa ya ƙura wa ginin ido yana motsa baki, daga baya na gane katakon da irin wannan aiki zai ci yake aunawa.

Baffa ya ɗauki aikin tafinta, ko da yake Turancinsa bai wuce na ɗaure kaya a tashar Ikko ba. Duk abin da Baturiyar da ke ba da labarin a talabijin ta faɗa sai ya juya mana da abin da ya riga ya ji a rediyo, ya ƙara gishiri. Da mai kemis ya gyara masa sau biyu, sai Alhaji ya waiwayo.

"Ina malamin nan naku? Ai ga ranar boko. Ya zo ya gaya mana."

Aka turo ni gaba. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa, sannan na kasa kunne. Turancin da na koya na allo da alli ne, waɗannan kuwa ta hanci suke magana, ga firgici, ga ƙarar janareta. Na ce, "Alhaji, suna cewa abin ya yi muni ƙwarai."

"Wannan ai mu ma mun gani," in ji shi. Ya miƙa hannu cikin kwandon mai unguwa ya ɗauki goro ya ɓara, ya miƙa wa Baffa rabi. Da aka ga manya sun fara, kwandon ya shiga zagaye. Ina durƙushe ina kallon goron aurena yana tafiya hannu zuwa hannu. Har ɗan mai gidan mai ya samu, ya zaɓi fari babba.

Sai aka nuno wani abu da ba a nuna ba da farko. Wasu ƙananan abubuwa suna faɗowa daga tagogin sama. Wani ya ce takardu ne. Aka matso da hoton, muka ga suna da hannuwa da ƙafafu. Wurin ya yi tsit, ban da janareta. Matar mai kemis, da ke tsaye a ƙofa da goyo, ta ce a hankali, "Wannan ma uwa ce ta haife shi," ta juya ta shige ciki. Wani saurayi a baya ya fara cewa ai maganinsu ke nan, Alhaji bai ko waiwaya ba ya ce, "Wanda bai iya bakinsa ba ya tafi gidan ubansa ya faɗa." Tsohon nan mai tambayar fitsari ya tofar da goron bakinsa ya fara salati. Na daɗe ban ci abinci da daɗi ba in na tuna wani mai farar riga da ya taho kai ƙasa.

Baffa ba ya iya zama da shiru. Bayan ɗan lokaci ya nisa ya ce, "Mu dai Allah ya rufa mana asiri da talauci. Wa zai ɓata jirgi a kan rumbu?" Mutane suka ɗan yi dariya, don ana neman abin da za a yi wa dariya. Allah ya ba shi tsawon rai har ya ga amsar. Ba a buƙaci jirgi ba, mashin da galan na fetur sun isa. Rumbun da yake shanya batir a kai yana cikin waɗanda aka ƙona shekarar da muka kwaso shi muka dawo da shi gari, kuma hanyar da muka bi ranar nan muna tsoron santsi, an yi shekarun da sai mutum ya yi sallama da iyalinsa kafin ya hau ta. Amma a yammacin nan ba wanda ya hango haka, mu 'yan kallo ne.

Hadari ya haɗo, muka kwana a gari, washegari muka koma. Goggo tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta bari mun sha ruwa ba.

"An ba mu?"

Baffa ya gyara zama. "Yaya, ai duniya ta juya. Jiya Amurka..."

"Amurka ce za ta auri yaron? Na ce an ba mu?"

Baffa ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya dubi kwandon, wanda babu komai a cikinsa sai ganye. A nan ne, ina jin, suka fara tuna cewa ba wanda ya furta kalmar aure a zauren nan.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe hannu, ta miƙa wa Baffa tafinta, ta tsaya. Shi da ya je Ikko ya dawo, ya zaro rediyon ya ɗora mata a hannu kamar ɗan makarantar da aka kama da gyaɗa a aji. Ta sa ta cikin tukunyar daddawa ta rufe. Da aka mayar masa daga baya, wata guda duk labarin da ya ji da wari yake zuwa.

Saura rediyon Alhaji, wadda Goggo ba ta da iko da ita. Da na je zance na gaya wa yarinyar damuwata, don a kwanakin nan kullum akwai sabon labari, kuma na san da an zauna zai ce a ji kanu. Ta saurare ni tana wasa da bakin mayafinta.

"Malam, ku dai ku sake sayen goro. Wace rana za su zo?"

Ranar da suka koma, Alhaji ya kunna rediyo ta ƙi. Ya bubbuga ta, ya girgiza, ya buɗe bayanta ya tarar wayam. Aka tambayi yaran gida, ba wanda ya ga batir. Ya tambayi Baffa ko ya zo da tasa, Baffa ya ce tana wurin gyara. Da dattawan nan suka rasa abin yi, sai mai unguwa ya yi maza ya faɗi abin da ya kawo su. Alhaji ya yi mamaki.

"Au, ba mu gama wannan ba? Ai ni na ɗauka an gama tun rannan. Ba har goronku muka ci ba?"

Kafin kunun da aka kawo musu ya huce an ba ni mata. Batiran suna cikin kwanon kwalliyarta, ita ta gaya mini bayan biki.

Aka ɗaura aure bayan kaka. Da ciki ya tsufa, Baffa ya kira ni gefe. A shekarar akwai wani suna da ake ta raɗa wa jarirai maza, sunan mutumin da aka ce shi ya aika jiragen, har ana sayar da hotonsa a tasha ana liƙawa a bayan mota. Baffa bai ce yana son abin da aka yi ba, shi dai yana ganin suna ne da duniya ta sani, kuma ɗa a gidanmu bai kamata a bar shi a baya ba. Na kai wa matata maganar. Ta ce in gaya wa Baffa, cikin ladabi, cewa in yana son sunan ya saya wa kansa rago ya canza nasa. Ban isar da saƙon ba. Na yi ta kwana-kwana tsakaninsu, ina cewa kowa a bari a sauka lafiya tukuna.

Allah ya raba gardama, ya ba mu mace. Aka sa mata sunan Goggo.