Kofur Tanko da Sandar Kan Iyaka

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da motar gyaɗa ta wuce mu a Jibiya, mai gadinmu yana sara mata ba. Tsakiyar shekarun 1950 ne, ina ƙaramin ma'aikacin kwastan, Nijar kuwa tana hannun Faransa.

Bari in gaya muku yadda aikin yake a lokacin, tunda ku kun tarar da komai a gyare. Doguwar sanda ce aka gitta a hanya. In mota ta zo daga Maraɗi sai ta tsaya, mu hau mu duba kaya, direba ya kai takardu ofis. In babban akawunmu, Malam Ladan, ya gamsu, sai ya leƙo ta taga ya ƙwala "Buɗe!" mai gadi ya ɗaga sanda.

Mai gadin shi ne Kofur Tanko, mutumin Farfaru, tsohon soja. Da kunne ɗaya ya dawo daga yaƙin Bama, ƙarar igwa ta kashe ɗayan. Abin da ba mu sani ba, wanda ya rage ma ya fara tafiya. Tsoron rasa aiki ya sa ya ɓoye. Bakin Malam kawai yake kallo, in ya ga ya wage, ya ɗaga.

Rannan takardun wani direba ba su cika ba, sai ya sulale ya shiga mota ya tayar. Malam ya leƙo ya ƙwala, "Kar ka buɗe!" Baki ya wage fiye da kullum. Kofur ya ɗaga sanda da sauri, har da ƙamewa. Mota ta wuce, ni aka tura in bi ta a keke. Allah ya taimake ni yashi ya riƙe motar kafin Daddara, na dawo da direban.

Malam ya ce zai rubuta Katsina a turo wani. Ni da abokin aikina Sambo muka yi ta roƙo, muka tuna masa Kofur yana da iyali, kuma bai taɓa makara ba.

"Ni ma ina tausayinsa," in ji Malam. "To ku nuna mani yadda wanda ba ya ji zai tsare sanda. In kun kasa, takarda za ta tafi."

Sambo, wanda kullum yake ganin kansa injiniya, ya kawo dabara. Muka samo doguwar igiya, muka ɗaura bakinta a taga, ɗaya bakin a ƙafar Kofur. In Malam ya ja, a buɗe. Kofur ya dubi igiyar, ya dube mu. Dabarar ta yi aiki har ranar kasuwa, da wata akuya ta sarƙe a ciki tana fizga. Kofur ya ɗaga sanda, ayarin jakuna suka shige da kayansu ba a duba ba.

Nan ya kwance igiyar, ya naɗe ta, ya shigo ofis ya ajiye a teburin Malam.

"Ranka shi daɗe," ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa, "kwana da kwanaki kuna shawara a kaina, kun ɗaure ni kamar ragon layya, ba wanda ya ce, Tanko, mi ka gani?"

Kunya ta kama mu duka. Malam ya yi masa nuni da ya faɗi.

"A fagen daga in igwa ta tashi kowa kurma ne, da hannu ake magana. Ku juya mani kujera ta fuskanci taga. Ku sare reshen tsamiyar nan da ke tare mani ido. Sauran ku bar mani."

Kafin la'asar an yi duka biyun. Washegari ya jera mu a tsakar tasha kamar kurata. Hannu sama, a buɗe. Hannu biyu a gicce, a rufe. Tafi a ƙirji, ka zo. Ni da Sambo muka kama da wuri. Malam ne ya sha wuya, don hannun babbar rigarsa yana rufe komai.

"Malam, naɗe hannun riga! Sake!"

Direbobi suna ƙarƙashin tsamiya suna ƙunshe dariya, babban akawu yana ta ɗaga hannu yana saukewa. Da ya kori ƙuda a fuskarsa, Kofur ya ce, "Wannan kuma wace doka ce?" Malam kansa sai da ya fashe da dariya.

Ba a rubuta takardar ba. Kofur ya ci gaba da tsaron sandar har tsufa ya zaunar da shi. Mu ma muka huta, don a kakar gyaɗa in motoci suka taru suna ruri, masu kunnen ma ba sa jin juna.

Abin da na koya ke nan, na kuma riƙe shi har na yi ritaya. Sau da yawa ba mutumin ne ya kasa aiki ba, wurin ne ba a gyara masa ba, gyaran kuma ba ya wuce juya kujera. In an kawo muku abokin aiki mai wata lalura, kafin tausayi ya kai ku sayen igiya, ku zauna ku tambaye shi abin da yake buƙata. Ya fi ku sani.