Jan Sabulun Shafa'atu

Shafa'atu 'yar Kalmalo ce. Aure ya kawo ta Illela, mijin ya rasu ya bar ta da tukwane uku da baki mai kaifi. Sabulu take dafawa: ta ƙona karan gero, ta tace ruwan toka, ta zuba kitse, ta yi ta tuƙawa har kafaɗa ta ce ta gaji. Ba ta yarda da kowa ba. Ko kaza ta leƙa tukunyarta, sai ta tambaya ta gidan wa ce.

Shekarar da aka samu mulkin kai, kanti ya kawo wani jan sabulu mai warin asibiti. Matan gari suka ruɗe, kowace tana so a ce ta waye. Baƙin sabulun Shafa'atu ya koma kamar kashin awaki a faifai, ba mai tayawa.

Sai ta kulle ƙofa kwana huɗu. Ran Lahadi ta fito kasuwa da dunƙule-dunƙule jajaye, kafin azahar faifai ya zama wayam. Har daga Ƙonni mata ke tsallakowa saye.

Maƙwabciyarta Lubabatu, ita ma mai sabulu, ta shigo da fara'ar da ta fi ƙarfin fuskarta.

"Ta Kalmalo, mi kika sa ciki haka?"

"Abin da kika sa a naki ya ƙi sayuwa, shi na rage."

Bayan mako biyu ciniki ya tsaya cik. Mata su zo, su kalli faifai, su ja mayafi su wuce. Wata Bafillatana mai nono, Bilki, ita ta fasa mata ƙwai: an ce jini take zubawa. Ba ga shi kullum ana ganin ta tana fitowa daga mahauta da ƙwarya a rufe ba? Wanda ya yi wanka da jini kuwa, ina sallarsa?

Kitse ne a ƙwaryar, kuma shekara goma sha tana ɗauko shi ba wanda ya ce uffan. Shafa'atu ta san wannan magana da ƙafa ta fito, kuma ta san katangar da ta tsallako. Amma sani ba ya wanke suna. Ko ta buɗe asirin sana'arta, ko ta zauna ana nuna ta da baki a matsayin wadda ta ɓata wa rabin gari tsarki.

Malam Ma'aruf mai makarantar unguwa ya aika a kira ta, don matansa ma sun yi wanki da sabulun. Ta zo da tukunyar ruwan toka, mata suka cika ƙofar zaure. Lubabatu na sahun gaba, ta baza kunnuwa kamar zomo.

"Baiwar Allah, ba zargi na kira ki ba," in ji Malam. "Mutane na son natsuwa."

"Allah gafarta Malam, miƙo mini gafakarka."

Ya miƙo jakar fatar da yake sa littafinsa, ja wur. Ta kwance ƙullin zane, ta fito da busassun ɓawon kara, ta jefa a ruwan toka. Nan take ruwa ya rine.

"Karan dafi na, wanda dukawa ke rina fata da shi. Shi ag ga gafakarka, shi ag ga takalminka. In jini na, Malam, kai ka riga ni ɗauka."

Malam ya juya gafakar, ya yi murmushi cikin gemu, ya ce tsarkakakke ne, kowa ya koma ga wankinsa. Lubabatu ta fi kowa hamdala, ta ma matso tana tambaya, wai don zuciya ta ƙara kwanciya, nawa ake zubawa a tukunya guda.

Shafa'atu ta dube ta sama da ƙasa.

"Cika hannu biyar, ƙawata. Kada ki yi rowa."

Ita kuwa ɗan tsunkule uku take sawa.

Ran Lahadi Lubabatu ta fito da sabulu ja kamar gauta, ya fi na kowa kyan gani, matan Malam suka saya. Juma'ar da ta biyo, farar rigar Malam ta sauka daga igiya da launin bakin mai cin goro. Da tsohuwar shuɗiya ya tafi masallaci.

Sunan Shafa'atu ya wanku, asiri kuwa ya tafi. Kafin sojoji su karɓi mulki gida shida ke yin jan sabulu a Illela. Nata dai aka fi nema, don shi kaɗai ke barin farin kaya da farinsa. Har ta tsufa, in za ta auna karan dafi, sai ta juya wa katangar Lubabatu baya, ta kuma kori kaji.