Gafarar da Inna ta nema a bakin teku

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta doguwar hira. Abin bai taɓa damuna ba sai da Baba ya rasu a shekarar korona, ina Doha, an rufe filayen jirgi. Ƙanena ne ya bugo mini waya bayan an dawo daga maƙabarta. Daga ranar shirun Inna ya fara yi mini nauyi. In na kira, gaisuwa ce kawai, sai ta miƙa wa jikoki wayar. Da aka buɗe hanya na je gida, amma 'yan ta'aziyya ba su bari mun keɓe ba ko sau ɗaya. Na sa a raina fushi take da ni, ɗan da ya tafi nema ya bar ubansa.

Lokacin gasar ƙwallon duniya aka sauƙaƙa shigowa ƙasar, sai na saya mata tikitin wasa guda don ta sami izinin zuwa. Matar da ba ta san gola ba balle alƙalin wasa! Ta sauka gidana a unguwar Al Aziziya, ta yi mako tana hira da matata, ni kuwa sai "ka dawo?"

Wata Juma'a na ce zan kai ta wani tsibiri da ke gaban gari. Tudun yashi ne mai tsawo, tafiyar minti ashirin a jirgin katako. Inna ta haɗa dambun nama, ƙuli-ƙuli, buta da darduma, sai ka ce Makka za mu.

A bakin jirgin aka ɗaura mata rigar ceto kan hijabi. Ta dubi ruwan, ta tsaya cak.

"To, kai, ka yafe mini," ta ce.

Na yi dariya. Mutanenmu ke nan, ba a kama hanya mai hatsari sai an nemi gafara.

"Haba Inna, ga tsibirin can ana hange. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Haka na amsa, sama-sama, hankalina na kan matuƙin da ke ta "yalla, yalla", wai mu yi sauri. Da jirgin ya fara tangaɗi ta damƙe wuyan hannuna tana salati. Rabon da ta riƙe ni tun ina firamare, wallahi har na so igiyar ruwan ta ƙaru.

Muka sauka, la'asar ta yi. Ta ƙi taɓa ruwan butarta, wai ga ruwa iya ganinka. Tana kurkure baki ta tofar.

"Subhanallahi! Wa ya zuba wannan uban gishiri?"

Bayan mun idar ta zauna tana fuskantar teku, ta ba ni baya. Dogayen benayen Doha na can nesa.

"Ɗazu ba don tsoron ruwa na nemi gafararka ba," ta ce. "Kwana goma sha tara babanku ya yi a kwance. Kullum sai ya ce a kira ka ya ji muryarka. Ni na hana. Na ce hankalinka zai tashi ga ba hanya, a bari ya sami sauƙi tukuna. Bai samu ba."

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya ɓaci. Kwana goma sha tara, ga waya a aljihuna! Na buɗe baki, sai na ga yadda kafaɗunta ke rawa a cikin hijabi. Shekara biyu ina tsoron fushinta, ashe ita nawa take tsoro, kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa. Tausayinta ya kama ni.

"Na yafe, Inna, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini."

"Kai me ka yi?" ta ce, tana share fuska da gefen hijabi. "Ɗauko dambun nan, kada mu koma da shi."

Muka ci, da yashi a ciki da komai.

Da za mu dawo iska ta kwanta, jirgin ko motsi ba ya yi. Duk da haka Inna ta kama wuyan hannuna, ba ta saki ba har muka iso gaɓa.