Rigar da Yaya Tabawa ta tuɓe mini

Ina tsakiyar shan koko da safen nan ɗiyata Hadiza ta kira ni daga Matankari: Yaya Tabawa ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon yana nan, ya huce.

Ku 'yan yanzu kun san ta tsohuwa mai zanzana a fuska. Ni na san ta ranar da ta tsaya wa Nasara.

Shekarar da agana ta shigo Dogon Dutsi, gab da tafiyar Faransawa, an kafa bukkokin zana bayan gari ana ware marasa lafiya. Aka ɗauke ni tafinta, wai na yi lakkal, wato makarantar boko. Shekara biyu ce kacal, ta biyun ma rabinta a gonar baba na yi ta. Faransancina bai wuce "wi mishe" da gyaɗa kai ba. Ita Tabawa, maƙwabciyarmu, wanki aka ba ta, tana dafa kayan aiki cikin durom. Agana ta riga ta ci fuskarta tun tana ƙarama, ba ta kama ta kuma.

Ranar farko lokotoro, wani likita Bafaranshe, ya baza kaya kan tebur: farar riga, dogon takalmin roba, safar hannu, da ƙyallen rufe hanci. Ya ce kayan ba su isa ba, kowane lebura ya ɗauki biyu.

Me kuke zato gwanin naku ya zaɓa? Riga da takalmi. Abin da ake hangowa daga kasuwa!

Tabawa ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan Lakkal, ciwon nan ta ƙafa yaka shiga?"

Sai ta nuna wani akwati da lokotoro ya kulle, ta ce in gaya mashi ba ta hura wuta sai an buɗe shi kowa ya samu duka huɗu. Na fassara, na ƙara "don Allah" har uku da ba ta faɗa ba. Ya yi faɗa, ya ambaci kumandan da kurkuku. Ta kife durom ta zauna kai.

"Gaya mashi ya kawo kumandan ɗin ya yi wankin."

Wannan ban fassara ba. Bai ma buƙata ba. Kafin azahar an buɗe akwati.

Amma wautata ba ta ƙare nan ba. Da la'asar na saci jiki da farar rigar a jikina, bayan na yini ina ɗaga masu ƙuraje. Ina so maiɗakina ta gan ni lokotoro. A ɗaki kuwa ga Hadiza, ko arba'in ba ta yi ba, ni an yi mini lambar rigakafi, ita ba a yi mata ba.

Saura taku kaɗan in shiga zaure na ji an shaƙe wuyan rigar ta baya. Ashe Tabawa ce, tun daga bukkoki take bina da gudu.

"Tuɓe!"

"Haba Yaya, gaban mutane?"

"Gaban uwar mutane ma. Ko ka tuɓe, ko ka tai ka gina ma jinjira rami."

Na tuɓe, daga ni sai ɗan bante, dillalan shanu suna ta dariya. Ta ɗauke rigar da sanda, ta kora ni rijiya da sabulu. Shekara da shekaru ana kirana Lokotoro Mai Bante. Ku ma ku kira, na yafe.

Wasu sun ce ba ta da miji saboda fuskarta, wasu sun ce doguwa ke gare ta shi ya sa ciwo ke tsoronta. Duk mai faɗin haka ya zo ya faɗa a gabana, ina da sanda kuma har yanzu hannuna na aiki. Ba a ba ta lambar yabo ba, ba a sa sunanta a takarda ba. To ga shi na sa, da kuskuren rubutuna duka.

Ganinmu na ƙarshe da sallar layya ne. Idonta ya tafi, amma da na miƙa hannu sai ta janye nata.

"Ɗan Lakkal, ka wanke shi?"

Hadiza yanzu jikoki gare ta, fuskarta sumul babu tabo ko ɗaya. Ta ce mini ita za ta yi wa Yaya wanka da hannunta.

Allah Ka jiƙan Tabawa, Ka lulluɓe ta da rahama kamar yadda ta kare mana namu, Ka sa Aljanna makomarta. Wanda ya karanta har nan, kada ya wuce da danna hoton kuka kawai. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a.