Barsu Ba Ya Jin Faransanci

Ƙanena Illiassou, wanda duk gidanmu ke kira Ilya, ya zo Lyon karatu a shekarar 2003, da alkawarin bayan shekara uku zai koma Maradi a riƙa kiransa dokta. Yau shekara ashirin da ɗoriya, dokta bai zo ba, sai kare. Karatu ya tsaya a rabi, aure ɗaya da ya yi ya mutu tun ba a je ko'ina ba, ya ƙare a gadin manyan ɗakunan ajiyar kaya a bayan Vaulx-en-Velin, can gefen Lyon. Gadin kuma irin wanda ake yi da kare ne. Karen naka ne, kai za ka ciyar da shi, kuma a ɗakinka zai zauna.

Ni ce babbar yayarsa, Raliatou. Ina La Courneuve, a gefen Paris, da maigidana Alhaji Salmanu, muna sayar da atamfa da turare. Ranar da na ji ɗan'uwana, wanda ya sauke Alƙur'ani yana shekara goma sha uku, yana zaune ɗaki ɗaya da kare, na kira shi na wanke shi tas. Ba ni kaɗai ba ce. Ƴan garinmu na Lyon sun yi ta magana, wasu har sai sun dubi rigarsa ko da gashin kare kafin su tsaya kusa da shi a sahu. Ilya ba ya faɗa da kowa. Sai ya yi irin ta kakanmu mafarauci, mai raɗa wa karnukansa sunan habaici, ya sa wa ɗan kwikwiyon suna Barsu. Duk wanda ya yi tsegumi, gobe zai ji shi a gindin bene yana kira, "Barsu! Barsu!" Na san har da ni ake, na haɗiye.

Akwai abokin aikinsa Amine, ɗan asalin Aljeriya amma haihuwar nan, wanda ya ƙware a horar da karnuka. Tun farko ya ce masa ya riƙa kawo karen fili duk Asabar a yi masa horo na ƙwararru. Ilya ya yi ɗan koyon da ya zama dole don ya samu takardar aiki, daga nan ya rufe ƙofa.

Ya ce da ni a waya, "Yaya, ni da na bi kaka daji tun ina shekara tara, wani zai koya mini kare?"

Da kansa ya hore shi, kuma da Hausa zalla: zauna, kwanta, tsaya, zo nan, kama, bar shi. Ƴan kalmomin Faransancin da karen ya fara ji ya bari suka shuɗe da gangan. Hujjarsa ita ce ɓarawon Lyon ba zai taɓa iya ce wa karensa ya kwanta ba. Gaskiya ne kuwa, shekara tara ba a saci ko allura a wurinsa ba.

Gyaran jiki ma haka. Shagon wankin karnuka yana nan kusa da tashar bas, ko leƙawa bai taɓa yi ba. A bahon wankansa yake wanke shi, sannan ya wanke bahon sau bakwai, ya yanke masa farce, ya goge masa kunne da auduga. Wannan duk ya iya, ban raina masa ba. Inda ya kwafsa shi ne wata shekara da aka yi zafi mai tsanani. Ya ga karen yana haki, sai ya tuna yadda ake yi wa yara a gida in bazara ta kama, ya ɗauko injin askinsa ya yi masa ƙwal-kwabo daga wuya har wutsiya. Kai, Ilya! Rana ta ƙone fatar, likitan dabbobi ya yi masa faɗa kamar ya ari baki, ya ce gashin nan shi ke kare irin wannan kare daga zafin ma. Gashin ya dawo, amma a baya da cinya ɗaya ya fito tsilli-tsilli har yau. Duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka ƙazuwa ce.

Bara da kaka Ilya ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na hagu ya yi rauni, harshe ya yi nauyi, magana sai da ƙyar. Likita ya ce zaman kaɗaici a hawa na huɗu ya ƙare. Na ce ya dawo wurina, ɗaki na nan. Ya dube ni ya ce, "Barsu fa?"

Na ce a'a. Kada in ɗora wa Alhaji, ni na faɗa da bakina. Ɗakuna uku ne, a nan muke salla, a nan atamfofina suke, ga jikoki suna rarrafe. Har yanzu ban ga laifina ba, amma wallahi abin bai bar damuna ba.

Muka nemi mai karɓa. Wa zai karɓi tsohon kare mai tabo a baya, wanda aka koya wa cizo, kuma ba ya jin maganar kowa a ƙasar nan? A gidan ajiye dabbobi wata mata mai kirki ta gwada shi da Faransanci, ya kalle ta kamar da bango take magana. Ba ta faɗi abin da zai biyo baya ba idan wata da watanni suka wuce babu mai so. Ba ta faɗa ba, amma Ilya ya gane kashe shi za a yi, ya ja igiyarsa muka fito.

Sai Amine. Yanzu ya bar gadi, yana da filin horo can bayan Paris. Ya ce zai riƙe Barsu har ƙarshen ransa, amma da sharaɗi ɗaya: fili ne da mutane ke zuwa da yaransu, karen da ba ya saki idan ya ce ya saki, ba zai zauna masa a wuri ba. Ya ba mu sati uku. Koya wa tsohon kare Faransanci a sati uku kuwa, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Saura a koya wa Amine Hausa.

To wa zai koya masa? Mai harshen ba ya iya furtawa. Sai ni, Raliatou, da ko hanyar da kare ya bi ba na son bi. Kullum bayan la'asar ina bayan kanti riƙe da waya ina ihu, "Tsaya! Tsa, tsa, tsaya!" Shi kuma ya maimaita, "Saya! Saya!" Na ce ɗan nan, me karen zai saya? Abokan ciniki suna ta dariya. Mafi wuya ita ce "bar shi", don ra ɗin bakinsa a maƙogwaro take maƙalewa, sai ta fito "ba shi". Na ce masa ka ga banbancin kuwa? Kare ya kama hannun mutum kana cewa a ba shi! Na gaji, ya gaji, muka ci gaba.

Ranar tafiya Alhaji da kansa ya tuƙa motar kayanmu zuwa Lyon, ya shimfiɗa kwali a baya. Muka kwaso Ilya da akwatinsa biyu da karen, muka nufi filin Amine. Ana yayyafi lokacin da muka isa.

Wani ma'aikacinsa ya sa rigar kariya mai kauri a hannu. Amine ya ce, "Kama!" Barsu ya tashi ya cafke, tsufa ko ba tsufa. Sai Amine ya ja numfashi ya ce, "Bar shi!" Ta fito daidai, ra da komai, har na ji hawaye ya zo mini. Karen bai saki ba. Ya juyo da ido yana neman Ilya, haƙora na nan a hannun mutumin. Ilya da ke jingine da sanda ya juya baya gaba ɗaya, ya ba shi ƙeya. Amine ya sake faɗa. Barsu ya saki, ya zauna.

Amine ya ce shi ke nan, ya karɓa. Ilya ya miƙa masa burushi da kwanon abinci, ya yi ta ƙoƙarin bayyana masa cewa kada a aske shi ko zafi ya kai ina. Amine ya ce ya sani. Muka juya za mu shiga mota, sai karen ya fizge ya zo ya kama hannun rigar sanyin Ilya, ta ɓangaren da ya yi rauni. Ba cizo ba ne, riƙewa ce kawai. Amine ya buɗe baki, sai ya rufe, ya ce da ni a hankali, "Hajiya, wannan ba tawa ba ce."

Mun daɗe a tsaye cikin yayyafin. Ilya ya yi ta motsa leɓe kafin maganar ta fito.

"Barsu. Bar ni."

Karen ya saki. Shekara tara bai taɓa saɓa masa ba, yau ma bai saɓa ba.

Muka kama hanya har muka shigo La Courneuve. Alhaji ya tsaya a gindin benenmu, na zagayo na kama Ilya ya sauko. Sai na ga rigarsa duk gashin kare, kafaɗa da hannu, ga shi za mu shiga ɗaki. Na kai hannu na fara kakkaɓewa kamar yadda na saba yi masa duk zuwansa. Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya.

Ya ce, "Yaya, bar su."